Mayafin 'yan wasan Faransa: wa aka ɗora wa nauyin raba addini da hukuma?

Ƙudurin da Majalisar Dattawan Faransa ta amince da shi a watan Fabrairun 2025, wanda ke neman haramta sanya duk wata alama ta addini a gasannin da hukumomin wasannin ƙasar ke shiryawa, ya ƙara tabbatar mini da cewa an daɗe da karkatar da manufar raba addini da hukuma daga inda aka dasa ta, har ta koma makamin da masu rinjaye ke ƙuntata wa marasa rinjaye da shi. Masu goyon bayan ƙudurin sun yi ta nanata cewa ba wani addini suka nufa ba, doka ce da za ta hau kan kowa, amma ba a yi nisa ba sai ministan harkokin cikin gida na lokacin, Bruno Retailleau, ya tsaya gaban wani taro a birnin Paris cikin watan Maris yana kiran a kawar da mayafi. Ke nan babu sauran buƙatar fakewa da guzuma ana harbin karsana. Yarinya Musulma mai rufe kanta tana buga ƙwallo, ita ake son a fitar daga fili, kuma da sunan wani tsari da aka kafa tun asali domin ya kare irinta.

Wanda ke bin labarai ya san yadda aka zo nan. Hukumar FIFA ta halatta buga wasa da hijabi tun 2014, kuma a gasar cin kofin duniya ta mata ta 2023 an ga Nouhaila Benzina ta Maroko ta shiga fili da nata, wasa bai lalace ba, ba kuma wanda ya ji rauni. Duk da haka hukumar ƙwallon ƙafa ta Faransa ta riƙe haramcinta, kuma a watan Yunin 2023 kotun ƙolin ƙasar mai sauraron ƙararrakin da ake kai gwamnati ta mara mata baya, alhali jami'in shari'ar da ke ba kotun shawara ya nemi a soke haramcin. A gasar Olamfik ta 2024 'yan wasan ƙasashe daban-daban sun shigo Paris da hijabinsu, mai masaukin baƙi ce kawai ta hana nata 'ya'yan, har sai da 'yar tsere Sounkamba Sylla ta amince ta rufe kanta da hula irin ta 'yan wasa kafin a bar ta ta halarci bikin buɗe gasar da ake yi a ƙasarta.

Ina goyon bayan a raba addini da hukuma a ƙarƙashin dimokuraɗiyya, kuma wannan goyon bayan ne ya sa abin da Faransa ke yi yake ɓata mini rai. Ma'anar tsarin, kamar yadda waɗanda suka yi gwagwarmayar kafa shi suka fahimce shi, ita ce hukuma ta kame hannunta: kada ta zaɓi addini guda ta ce shi ne na ƙasa, kada ta karɓi harajin kowa da kowa ta ciyar da malaman wasu, kada ta tambayi mutum abin da yake bauta wa kafin ta ba shi aiki, ko ta saurari ƙararsa, ko ta karɓi ɗansa a makaranta. Nauyin gaba ɗaya yana wuyan hukuma da wanda ke aiki da sunanta a daidai lokacin da yake aikin. Ɗan ƙasa kuwa shi ne aka yi tsarin domin a kare, ya fito da imaninsa a fili idan ya so, ya ɓoye idan ya so, ya zauna babu addini idan ya ga dama. Tunda maganar wasa ake yi, alƙalin wasa ne aka hana sanya rigar ɗaya daga cikin ƙungiyoyin biyu, kuma ba a taɓa cewa 'yan wasa su tuɓe nasu rigunan don a tabbatar da adalcin alƙali ba. Ana iya yin muhawara mai ma'ana a kan suturar alƙalin kotu ko ta ɗan sanda, amma yarinya 'yar shekara 16 da ke buga wa wata ƙaramar ƙungiya ranar hutu ba jami'ar gwamnati ba ce, ba ta karɓar albashi, ba ta sa hannu a takarda da sunan jamhuriya, ba ta kuma yanke wa kowa hukunci.

Babbar hujjata tana cikin tarihin Faransa kanta. Dokar 9 ga Disamba 1905, wadda kowane ɗan siyasar ƙasar ke rantsuwa da ita, ta fara ne da cewa jamhuriya ta tabbatar da 'yancin imani kuma ta lamunce wa kowa gudanar da ibadarsa, sai a sashe na biyu ta ce jamhuriya ba ta ɗauki wani addini a hukumance ba, ba ta biyan malamansa albashi, ba ta ba shi tallafi. Ba da gangan aka jera su haka ba? 'Yanci aka fara ambata, rabuwar ta biyo baya a matsayin hanyar tsare shi. An yi dokar ne bayan shekaru masu yawa na ƙazamin rikici tsakanin 'yan jamhuriya da Cocin Katolika, lokacin da zukata suka fi na yau zafi nesa ba kusa ba. A cikin muhawarar, wani ɗan majalisa mai suna Charles Chabert ya kawo gyara yana neman a hana limaman Katolika yawo a titi da doguwar baƙar rigarsu, yana kafa hujja da cewa rigar alama ce ta miƙa wuya, tana ware mai ita daga sauran jama'a, kuma hana ta 'yantar da limamin ne daga ƙangin da yake ciki. Aristide Briand, wanda ya jagoranci tsara dokar, ya ƙi amincewa, yana mai cewa hakan zai jawo wa dokar da aka yi domin 'yanci zargin rashin haƙuri da kuma dariya, kuma daga ranar da aka raba coci da hukuma rigar limami ta zama tufa kamar kowace, wanda ya so ya sa. Majalisa ta yi watsi da gyaran. Duk wanda ya saurari abin da ake faɗa yau a kan hijabi zai ji hujjojin Chabert ne aka sake ɗaukowa ba tare da an canza komai ba sai wanda ake nuna wa yatsa, kuma ana danganta su ga dokar da ta ƙi su tun ranar farko.

Har zuwa 1989 wannan fahimtar tana nan da ranta. Lokacin da aka kori ɗalibai mata uku daga wata makaranta a garin Creil saboda sun ƙi cire ɗankwali, an nemi ra'ayin waccan kotun ƙoli, ta kuma ce sanya alamar addini ga ɗalibi bai saɓa wa tsarin raba addini da hukuma ba, sai fa idan an haɗa shi da matsa wa wasu lamba, ko tayar da hankali, ko ƙin halartar darasi. Wato aikin mutum ake hukuntawa idan ya cutar. Dokar Maris 2004, wadda aka yi zamanin Jacques Chirac, ita ta juya lamarin, ta ɗauke nauyin rashin nuna ɓangare daga kan malamin makaranta da manhajar karatu ta ɗora wa ɗalibi. Daga nan ƙofa ta buɗe: haramcin rufe fuska a 2010, yunƙurin wasu magadan gari na hana kayan ninƙaya masu rufe jiki a bakin teku a 2016, ce-ce-ku-ce a kan iyaye mata masu raka yara yawon buɗe ido na makaranta, abaya a 2023, yanzu kuma filin wasa. Kowane mataki sai an ce shi ne na ƙarshe.

Da a ce ana yin wannan tsananin ga kowa daidai wa daida, da sai in ce ƙasar ta yi kuskure amma ba ta yi son kai ba. Abin ba haka yake ba. A yankin Alsace da Moselle, wanda yake hannun Jamus lokacin da aka yi dokar 1905, har yau gwamnati ce ke biyan albashin limaman Katolika da fastoci da malaman Yahudawa, shugaban ƙasa ne ke sa hannu a naɗin bishop na Strasbourg da na Metz, kuma a 2013 majalisar kare tsarin mulki ta ce hakan bai saɓa wa komai ba. Musulunci ba ya cikin addinan da wannan tsari ya ƙunsa. Daga cikin ranakun hutu 11 na ƙasar, 6 bukukuwan Kirista ne. Majami'un da aka gina kafin 1905 galibi mallakar gwamnati ne ko ƙananan hukumomi, su ke ɗaukar nauyin gyaransu, kuma tun dokar Debré ta 1959 gwamnati ke biyan malaman makarantu masu zaman kansu da suka ƙulla yarjejeniya da ita, waɗanda mafi yawansu na Katolika ne. Ba ina kira a rushe ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, domin ƙasa ba ta iya goge tarihinta, kuma babu hikima a gwada. Abin da suke nunawa shi ne Faransa ta san sassauci, ta iya shi ƙwarai idan abin ya shafi addinin da ta saba da shi, sai ta kira shi al'ada ko kayan tarihi, idan kuma aka zo kan addinin 'ya'yan waɗanda suka fito daga Aljeriya da Maroko da Mali da Senegal, sai ƙa'ida ta zama dutse.

Batun abaya ya fi kowanne tona asirin wannan hanya. A ƙarshen watan Agustan 2023 ministan ilimi na lokacin, Gabriel Attal, ya haramta ta a makarantun gwamnati, kuma ranar da aka koma makaranta, daga cikin ɗalibai kusan miliyan 12, shi da kansa ya ce 298 ne suka zo da ita, 67 suka ƙi canzawa aka mayar da su gida. Majalisar da ke wakiltar Musulmin ƙasar ta riga ta ce abaya ba alamar addini ba ce, doguwar riga ce kawai. To yaya shugaban makaranta da ke tsaye a bakin ƙofa da safe zai bambanta doguwar rigar da aka haramta da wadda aka halatta? Zai duba tsawonta, ya duba faɗin hannunta, ya ga ba su raba gardama ba, domin irin wannan ɗinkin ana sayar da shi a manyan shagunan tufafi ga kowa. Daga nan ba abin da ya rage masa sai ya dubi fuskar yarinyar, da launin fatarta, da sunan da ke cikin rajista. Rigar da ɗaliba guda za ta sa a kira ta ado, ita wata za ta sa a kira ta laifi. Ga shi kuma hukumar da ta ce ba ruwanta da addini ta koma tana ba da fatawa a kan wace tufa ce ta addini, tana ma gyara wa mabiya addinin fahimtarsu.

Hujjojin ɗaya ɓangaren ba sa buƙatar dogon bayani. An ce ana kare 'yan mata ne daga matsin iyaye da 'yan'uwa, amma korar yarinya daga aji ko daga fili ba ta mayar da ita ko'ina sai gidan da ake cewa ana ceto ta daga gare shi. An ce ana yaƙi da tsattsauran ra'ayi, kuma babu mai musun jinin da aka zubar a Paris a 2015 ko kisan gillar da aka yi wa malami Samuel Paty a 2020, sai dai masu wannan aƙidar su ne na farko da ke ƙyamar ganin mace tana gudu a filin ƙwallo, don haka hana ta wasa biyan buƙatarsu ne.

Tarihi ya riga ya gwada wannan hanya a wurare biyu, sakamakon kuma yana nan a rubuce. A 1936 Reza Shah ya haramta lulluɓi a Iran, 'yan sanda suna fizge shi daga kan mata a titi, har wasu matan suka daina fita. Bayan juyin juya halin 1979 aka juya, aka wajabta shi, a 1983 aka sanya hukunci a doka, aka kafa masu sintiri, har zuwa mutuwar Mahsa Amini a hannunsu a watan Satumban 2022. Gwamnatoci biyu ne masu gaba da juna, amma sun haɗu a kan cewa kan mace wuri ne da hukuma ke kafa tutarta. Turkiyya kuwa ta soke halifanci a 1924, ta tilasta kiran salla da harshen Turkanci daga 1932, kuma da zarar an yi zaɓe na gaskiya a 1950 sabuwar gwamnatin Adnan Menderes ta ɗage wannan tilas cikin makonni. Bayan matsin da sojoji suka yi a 1997 aka tsananta haramcin ɗankwali a jami'o'i, har aka riƙa ganin ɗalibai a bakin ƙofa suna ɗora gashin kanti a kan mayafinsu domin a bar su su shiga lacca. A 1999 aka hana Merve Kavakçı, wadda jama'a suka zaɓa, yin rantsuwar kama aiki a majalisa saboda ɗankwalinta. Shekara uku bayan haka jam'iyyar Recep Tayyip Erdoğan ta hau mulki, kuma wannan ɓacin ran yana cikin abin da ya ɗauke ta. Abin lura shi ne, jamhuriyar da ta yi duk wannan da sunan raba addini da hukuma ita ce ta kafa ma'aikatar Diyanet a 1924, mai ɗaukar limamai aiki, mai biyansu albashi, mai tsara huɗubar Juma'a. Wannan riƙe addini ne a hannun gwamnati, kuma duk wanda ya ci zaɓe shi ke gadon ragamar.

A nan ne nake rabuwa da wasu da ke tare da ni wajen sukar Faransa, waɗanda ke ganin abin da ya faru hujja ce cewa raba addini da hukuma maƙarƙashiya ce ga masu imani, maganinta kuma shi ne gwamnati ta rungumi addini. Wannan gajeren tunani ne na wanda bai taɓa zama marar rinjaye ba, kuma bai karanta abin da ya sami malamai a hannun sarakunan da suka ce suna kare addini ba.

A shekarar 833 halifa Ma'amun na daular Abbasiyya ya ɗauki ra'ayi guda a wata mas'ala ta aƙida, cewa Alƙur'ani halitta ne, ya mayar da shi matsayin hukuma, ya sa a riƙa titsiye alƙalai da malaman hadisi ana tambayarsu ɗaya bayan ɗaya. Da yawa sun amsa don tsoro. Imam Ahmad bin Hanbal ya ƙi, aka ɗaure shi, aka yi masa bulala zamanin Mu'utasim, ba a kawo ƙarshen fitinar ba sai zamanin Mutawakkil. Wanda ya yi wannan ba maƙiyin addini ba ne a ganin kansa, shugaba ne mai yaƙinin cewa yana da gaskiya, ga kuma kurkuku a hannunsa. Kafin haka Imam Abu Hanifa ya ƙi karɓar alƙalanci daga hannun halifa Mansur, an kuma ruwaito cewa Imam Malik ya hana a tilasta wa dukkan garuruwa bin littafinsa, yana cewa sahabbai sun watsu a ƙasashe kuma kowace al'umma ta riƙi abin da ya iso gare ta. Ba na cewa waɗannan bayin Allah suna kira ne ga tsarin mulkin zamani, domin duniyarsu daban ce. Abin da suka gane, wanda har yau bai canza ba, shi ne hannun da ke bayarwa yana saman hannun da ke karɓa, kuma malamin da albashinsa ke fitowa daga fada ba zai daɗe yana faɗa wa fada gaskiya ba.

Mutane da yawa ba su san cewa a Amurka masu ibada ne suka fi kowa matsawa a raba coci da gwamnati ba. A Virginia kafin samun 'yancin kai, Cocin Ingila ne na hukuma, kowa na biyan harajinsa, kuma an ɗaure masu wa'azin Baptist saboda sun yi wa'azi ba da lasisi ba. Su ne suka mara wa James Madison baya a 1785 lokacin da ya yaƙi ƙudurin karɓar haraji domin biyan malaman addinin Kirista, kuma shahararriyar wasiƙar Thomas Jefferson ta 1802 mai maganar katanga tsakanin coci da hukuma amsa ce ga 'yan Baptist na Danbury da ke kukan rinjayen wani cocin a jiharsu. Da Bafaranshe Alexis de Tocqueville ya ziyarci ƙasar a 1831 ya yi mamakin ƙarfin addini a cikinta, limaman da ya tambaya kuma suka danganta hakan ga rabuwar. A Ingila da Sweden, inda gwamnati ta rungumi coci ɗaruruwan shekaru, kujerun majami'u sun fi zama wayam.

Mai son gwamnati ta ɗauki addini yakan ɗauka addininsa za a ɗauka. Ya dubi Indiya, wadda ta rubuta a gabatarwar tsarin mulkinta a 1976 cewa ƙasa ce da ba ta fifita wani addini ba, amma a 2019 ta yi dokar zama ɗan ƙasa da ta sauƙaƙa wa mabiya addinai shida daga Afghanistan da Bangladesh da Pakistan ta tsame Musulmi, sannan ranar 22 ga Janairun 2024 firaminista Narendra Modi da kansa ya jagoranci ibadar buɗe wurin bautar Ram a Ayodhya, a filin masallacin Babri da aka rushe a 1992. Ya dubi jihar Louisiana ta Amurka da ta yi doka a 2024 cewa a rataye Dokoki Goma na Littafi Mai Tsarki a kowane aji na makarantun gwamnati, dokar da wani alƙalin tarayya ya dakatar a watan Nuwamban shekarar. Babu addinin da ke da rinjaye a dukkan ƙasashen duniya, kuma duk hujjar da mai rinjaye ya kafa a ƙasarsa, ita za a kafa wa ɗan'uwansa a ƙasar da su ne 'yan tsiraru. Ɗan siyasar Indiya mai cewa ƙasa ta masu rinjaye ce, da ɗan siyasar Faransa mai cewa sai ka ɓoye addininka za ka zama cikakken ɗan ƙasa, abu guda suke yi, wato amfani da ƙarfin hukuma wajen tantance wane ne ɗan gida, wane ne baƙo.

Shi ya sa ban damu ƙwarai da abin da aka rubuta a saman tsarin mulki ba. Ingila tana da cocin hukuma, sarki ne shugabansa, bishop 26 na da kujeru a Majalisar Dattawa, kuma wannan tsari ne da ba zan ba wata ƙasa shawarar ta kwaikwaya ba. Amma a can ne aka yi doka tun 1976 da ta yafe wa mabiya addinin Sikh sanya hular kwano a kan babur saboda rawaninsu, 'yar sanda na iya sanya hijabi cikin kayan aiki, Musulmi Sadiq Khan ya zama magajin garin Landan a 2016, Rishi Sunak mabiyin addinin Hindu ya zama firaminista a 2022. Senegal, wadda mafi yawan mutanenta Musulmi ne, Léopold Sédar Senghor ɗan Katolika ne ya shugabance ta daga 1960 zuwa 1980, da goyon bayan wasu manyan shehunan ɗarikun ƙasar. Ma'aunin da ya kamata a riƙe shi ne ko marar rinjaye na iya karatu, da aiki, da wasa, da tsayawa takara, ba tare da an ce ya fara ajiye wani ɓangare na kansa a bakin ƙofa ba.

Haka nan raba addini da hukuma bai taɓa nufin mai imani ya yi shiru a siyasa ba. Martin Luther King fasto ne, daga coci ya fito ya yaƙi wariyar launin fata, Desmond Tutu bishop ne, kuma jam'iyyar da ta fi kowace daɗewa tana mulkin Jamus bayan yaƙin duniya na biyu tana ɗauke da sunan Kirista. Mutum na da damar ya kaɗa ƙuri'a bisa abin da imaninsa ya koya masa game da adalci da talauci da iyali. Iyakar ita ce, idan ra'ayinsa zai zama dokar da za ta hau kan kowa, dole ya kawo dalilin da wanda ba addininsu ɗaya ba zai iya aunawa, kuma akwai abubuwan da ƙuri'a ba ta isa ta taɓa ba komai yawanta. Sau da yawa ana kafa hujja da cewa mafi yawan Faransawa na goyon bayan waɗannan haramce-haramce, ni kuwa ban ga abin da hakan ya ƙara ba, domin an rubuta haƙƙoƙin ɗan Adam ne saboda ranar da mafi yawan jama'a za su so a take su.

Gyaran ba ya buƙatar sabuwar falsafa. A koma ga ma'aunin 1989, a hukunta wanda ya tilasta wa wata ta sa ko ta cire, a kuma ɗora wa duk hukumar da ke son hana wata sutura nauyin nuna ainihin cutarwar da take yi, ko ta fuskar lafiya ko ta tsaro ko ta haƙƙin wani. Wannan aikin kotuna ne, kuma a nan ne kotun kare haƙƙin ɗan Adam ta Turai ta gaza. A 2001 ta ƙi sauraron ƙorafin wata malamar firamare a Switzerland da aka hana koyarwa da ɗankwali, tana cewa alama ce mai ƙarfi da za ta iya tasiri a kan yara. A 2005 ta goyi bayan haramcin jami'o'in Turkiyya. A 2014 ta amince da dokar rufe fuska ta Faransa bisa dalilin zaman tare, dalilin da kwamitin kare haƙƙin ɗan Adam na Majalisar Ɗinkin Duniya ya ƙi karɓa a 2018. Amma a 2011, da aka kai mata ƙarar gicciyen da gwamnatin Italiya da kanta ke ratayawa a bangon azuzuwan makarantunta, sai ta ce alama ce da ba ta tilasta wa kowa komai ba, ta bar shi a inda yake.